Likita Akanu Ibiam (1906–1995): Shaidar Almasihu a Asibiti da Gidan Gwamnati

Iyalan Arewa da ke zaune a Uwani da sauran unguwannin Inugu, da waɗanda ke Anacha da Fatakwal, sun saba da sunan Akanu Ibiam. Shi ne sunan filin jirgin saman Inugu, shi ne na babbar makarantar koyon fasaha ta tarayya da ke Unwana, shi ne kuma na filin wasannin Jami'ar Nijeriya a Nsukka. Amma sanin suna dabam, sanin mai suna dabam. Waɗansu suna tsammani ɗan siyasa ne na zamanin Zik, waɗansu kuma su ɗauka soja ne. Mutumin nan likita ne, dattijo a Ikkilisiyar Firesbiteriya, wanda har ya bar duniya ba a taɓa naɗa shi fasto ba. Shaidar da ya bayar game da Ubangiji Yesu ya ba da ita ne a wuraren da ya yi aikin yau da kullum, wato ɗakin duba marasa lafiya, ofishin shugaban makaranta, da gidan gwamnati a Inugu.

Daga Unwana zuwa Sikotlan

An haife shi ranar 29 ga Nuwamba, 1906, a Unwana, wani gari a bakin Kogin Kuros kusa da Afikpo, cikin Jihar Ebonyi ta yau. Mahaifinsa, Ibiam Aka, babba ne a garin. Ya rasu tun Akanu yana ƙarami, sai riƙon yaron ya koma hannun wansa Samuel, wanda yake malami a makarantar Hope Waddell a Kalaba. 'Yan mishan na Sikotlan ne suka kafa wannan makaranta a 1895, kuma tun farko ba ta raba karatun littafi da aikin hannu ba: ana koyar da aikin kafinta, da ɗinki, da buga littattafai, gefe guda kuma ana koyar da Maganar Allah. A nan aka yi wa Akanu baftisma a 1919, aka sa masa suna Francis.

Da yake zuciyarsa ta karkata ga aikin likita, sai ya wuce King's College a Legas domin ya sami darussan kimiyya, daga can kuma ya haye teku zuwa Jami'ar St Andrews a Sikotlan, inda ya gama karatun likita a 1934. Samuel ne ya ɗauki nauyin wannan doguwar tafiya. Ba a sa wa filin jirgi sunan Samuel ba, ba kuma kowa ya san da shi ba, amma da bai ɗaure ciki ya riƙe ƙanensa ba, da babu wannan labari. Gidajen masu bi da yawa suna da irin wannan wa ko ya, wanda ya haƙura da nasa jin daɗi domin na baya su yi karatu.

A Sikotlan ne Ibiam ya shiga zumuntar ɗalibai masu bi, ya ga yadda matasa masu koyon likita da shari'a da injiniya suke taruwa su yi nazarin Littafi Mai Tsarki, suna tambayar kansu abin da Almasihu yake so su yi da ilimin da suke nema. Daga baya yana cikin waɗanda suka dasa irin wannan zumunta ta ɗalibai a Nijeriya.

Zaɓin da ya yi a 1935

Sai an tuna yadda aikin likita yake a wancan zamani kafin a gane nauyin abin da ya yi da ya komo gida. Likitoci 'yan ƙasa kaɗan ne, yawancinsu kuma suna Legas da manyan garuruwan bakin teku. Tun 1902 gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe wa Turawa kaɗai babban sashen likitocinta na Afirka ta Yamma. Baƙin mutum, ko ya fi Bature karatu, sai dai ya shiga ta ƙaramar ƙofa, da ƙaramin albashi. Duk da haka aikin gwamnati yana da gida, da fansho, da girma a idon jama'a. Wanda kuma ba ya son zama ƙarƙashin gwamnati yana iya buɗe nasa ɗakin magani a Legas, cikin 'yan shekaru ya zama mai hali. Kowace daga cikin hanyoyin nan biyu a buɗe take ga saurayi ɗan shekara 28 mai takardar St Andrews a hannu.

Ibiam bai bi ko ɗaya ba. Ya miƙa kansa ga mishan na Ikkilisiyar Sikotlan domin a ɗauke shi likita ɗan mishan. A kunnen mutanen lokacin, ɗan mishan Bature ne da ya baro ƙasarsa. Ɗan ƙasa kuwa mai taimako ne, ko tafinta, ko malamin ƙauye. Ga shi yau ɗan Unwana yana neman a rubuta sunansa a jeri ɗaya da Turawan, ya ɗauki kaya iri ɗaya da nasu. Mishan ta karɓe shi, a 1936 ta aika da shi Abiriba.

Abiriba gari ne na maƙera da fatake, mutanen da suka san darajar kuɗi da ciniki, amma ba su da asibiti. Ibiam ne ya kafa shi, ya kuma zauna a can har 1945. Shekaru tara ke nan, ciki har da dukan shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da magani da kayan aiki suka yi wuyar samu. Allurar fenisilin da kowa ya sani yau ba ta iso irin waɗannan wurare ba sai bayan yaƙin. Cututtukan da ke gaban likita su ne tunjere, da kuturta, da zazzaɓin cizon sauro, da gwaiwa, da gyambon da ya ƙi warkewa, da matan da ake kawowa bayan sun kwana biyu ko uku suna naƙuda. Likita guda shi ne mai fiɗa, shi ne mai karɓar haihuwa, shi ne mai lissafin kuɗi, shi ne kuma mai lura da magina.

A 1939 ya auri Eudora Olayinka Sasegbon, Bayarabiya, ma'aikaciyar jinya. Auren Ibo da Bayarabiya ba abin da aka saba gani ba ne a lokacin. Ta bi shi duk inda mishan ta kai shi, ta yi aiki tare da shi, har ta rasu a 1974. Akwai makarantar 'yan mata a Inugu da ke ɗauke da sunanta.

Yadda bishara take shiga ɗakin magani

Al'adar asibitocin mishan ce a fara aikin yini da addu'a da karatun Maganar Allah, ma'aikata da marasa lafiya tare. Wanda ya taɓa kwanciya a Vom, ko Wusasa, ko Garkida ya san wannan. Amma addu'ar safe ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Mai wuyar shi ne abin da ke biyo bayanta. Mutumin da aka ɗauko a kan amuku daga ƙauye mai nisa ba wa'azi ya zo ji ba, ciwo ne ya kawo shi. In aka yi sakaci da shi, ko aka daka masa tsawa, ko aka duba mai kuɗi aka bar shi a ƙofa, to, duk abin da aka karanta da safe ya zube. In kuwa ya ga likitan da zai iya zama a Legas cikin daula yana wanke masa gyambo da hannunsa, shi da kansa zai tambayi dalili. A wannan tambaya ce bishara take samun ƙofa.

Akwai kuma wani yaƙi da ba na allura ba. A yankin da Ibiam ya yi aiki, kamar a wurare da yawa na ƙasar nan, ba a cika yarda ciwo yana zuwa haka kawai ba; dole wani ne ya jefa, ko maye ne ya kama. Rashin haihuwa, mutuwar jarirai, ciwon da ya daɗe, duk sai a nemi wanda za a ɗora wa. Haihuwar tagwaye kuma abin ƙyama ce a waɗansu garuruwa. Mary Slessor ta yi fama da wannan al'ada har ta rasu a 1915, gwamnati ta haramta kisan tagwaye, amma tsoron bai fita daga zukata ba, ana kuma ci gaba da ƙaurace wa uwayensu. Ibiam ya tsaya gāba da waɗannan abubuwa, kuma yana da abin da Baturen mishan ba shi da shi. Ba wanda zai ce masa bai san ƙasar ba. Da harshensu yake magana, a cikinsu aka haife shi, ya san abin da suke tsoro domin ya tashi yana jin labarinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sa'ad da ya nuna wa uwa cewa ruwan sha ne ko sauro ya kwantar da ɗanta, ya kuma ba da magani yaron ya tashi, ya kuɓutar da mutum biyu ke nan: yaron, da tsohuwar da ake shirin kira mayya.

Daga Abiriba aka mai da shi asibitin Itu, garin da ke da babban sansanin kutare wanda Likita Macdonald na mishan ɗin ya kafa a 1928, daga baya kuma ya shugabanci asibitin Uburu, garin da ya yi suna saboda tafkin gishirinsa. A waɗannan shekaru ne aka sami babban sauyi a maganin kuturta. A Uzuakoli, ba nisa da Abiriba, likitoci suka tabbatar a ƙarshen shekarun 1940 cewa ƙwayar dafson da ake haɗiya, mai araha, tana warkar da cutar. Albarkar wannan bincike ta kai har sansanonin Arewa irin su Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Ibiam ya yi aikinsa ne a tsakiyar wannan zamani, yana duba marasa lafiya, yana kuma horar da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa waɗanda za su riƙe asibitocin bayan Turawa sun tafi.

Daga asibiti zuwa majalisa

Mutumin da jama'a suka amince da shi a kan gadon asibiti ba ya daɗewa ba a neme shi a wani wuri ba. Kafin samun mulkin kai ya zauna a majalisar dokoki ta ƙasa da kuma majalisar zartarwa, yana nan kuma da aikinsa na likitan mishan. Sarautar Ingila ta ba shi lambar girma a 1949, a 1951 kuma ta ƙara masa wadda ta sa ake kiransa Sir Francis. Daga 1955 zuwa 1958 shi ne shugaban Majalisar Kirista ta Nijeriya. A ƙarshen shekarun 1950 ya koma Hope Waddell, makarantar da ya shiga yana maraya, a matsayin shugabanta, ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan kujera.

A Janairun 1958 wakilan ikkilisiyoyi daga sassan Afirka suka taru a Ibadan, Ibiam ne ya shugabanci taron. Daga wannan zama ne aka haifi Ƙungiyar Ikkilisiyoyin Afirka, wadda aka ƙaddamar a Kamfala a 1963. Bayan taron Ibadan ya kai ziyara Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, ya shiga wani ɗakin shan shayi, aka ƙi sayar masa domin wurin na Turawa ne kaɗai. Lambar Sarauniya ba ta hana a kore shi ba. Labarin ya bazu a jaridu, ya zama abin kunya ga masu mulkin ƙasar.

Ranar 15 ga Disamba, 1960, ya zama Gwamnan Jihar Gabas, ɗan ƙasa na farko a wannan matsayi, kamar yadda Sir Kashim Ibrahim ya zama a Arewa a 1962. Ikon gudanar da mulki yana hannun Firimiya Michael Okpara, wanda shi ma likita ne. Aikin gwamna shi ne sa hannu a dokoki, da karɓar baƙi, da zama uba ga kowa. Inugu ta lokacin gari ne na ma'aikata: masu haƙar kwal, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da akawuna, da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa. Mutanen Arewa sun daɗe a cikinsa, har Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

Sau da yawa idan mai bi ya sami babban muƙami, majami'a takan fara ganinsa ne ranar bikin godiya kaɗai. Ibiam bai bi wannan hanya ba. Yana gwamna ya tafi New Delhi a ƙasar Indiya a 1961, inda babban taron Majalisar Ikkilisiyoyin Duniya ya zaɓe shi cikin shugabanninta shida, tare da Akbishop na Kantabari da Fasto Martin Niemöller na Jamus, wanda ya sha ɗauri a hannun Hitila. A 1962 ya shugabanci kwamitin da ya kafa ɗakin sujada na Furotesta a jami'ar Nsukka. Yana kuma gwamna ya tara shugabannin ikkilisiyoyi a kan maganar cewa lokaci ya yi da Nijeriya za ta riƙe aikin fassara da rarraba Littafi Mai Tsarki da kanta, maimakon ta dogara ga ƙungiyoyin Ingila da Amurka da Sikotlan. Ranar 8 ga Fabrairu, 1966, aka kafa Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa tun 1932, amma juyin da wannan ƙungiya ta buga daga baya shi ne ya shiga gidaje da majami'u masu sujada da Hausa ko'ina. Iyalin da ke buɗe shi da yamma a Uwani ko a Kafanchan suna cin amfanin wani aiki da gwamnan Gabas ya sa hannu a ciki.

Shekarun yaƙi

Wannan sashe na rayuwarsa shi ne mafi nauyi ga mai karatu ɗan Arewa, kuma tsallake shi rashin gaskiya ne. Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, ya kawo ƙarshen gwamnatin farar hula. Ibiam ya sauka daga kujerarsa, ya zama mai ba gwamnan soja Odumegwu Ojukwu shawara, kamar yadda Kashim Ibrahim ya zama ga Hassan Usman Katsina a Kaduna. A cikin wannan shekara aka kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka kwararo gida. 'Yan Arewa da ke Inugu da Anacha da Fatakwal su ma ba su tsira daga ramuwa ba, suka bar gidaje da dukiya suka nufi Arewa. Ranar 30 ga Mayu, 1967, aka yi shelar Biyafara, a watan Yuli kuma yaƙi ya ɓarke.

Ibiam ya tsaya tare da Biyafara, bai kuwa ɓoye ba. Ya mayar wa Sarauniya lambobin girman da ta ba shi saboda Ingila tana goyon bayan gwamnatin tarayya, ya kuma ajiye sunan Francis, ya koma Akanu kaɗai. Ya yi amfani da sanayyar da ya tara a ikkilisiyoyin duniya wajen neman abinci da magani domin yaran da yunwa take kashewa. A Yulin 1968 ya yi magana a babban taron Majalisar Ikkilisiyoyin Duniya a Uppsala ta ƙasar Suwidin, a 1969 kuma ya zaga Kanada yana neman taimako. Yana cikin waɗanda suka sa ikkilisiyoyi suka tashi tsaye da jigilar kayan agaji cikin dare, daga tsibirin Sao Tome zuwa wata hanyar mota a Uli da aka mayar filin saukar jirgi. Rayuka masu yawa sun tsira ta wannan hanya.

Amma labarin yana da wani gefe. Masu yi wa Biyafara magana a ƙasashen waje sun sha nuna yaƙin kamar na Musulmi da Kirista ne, alhali ba haka yake ba. Shugaban ƙasa na lokacin, Yakubu Gowon, ɗan mai bishara ne da ya tashi a Wusasa. Sojojin tarayya da yawa 'ya'yan ikkilisiyoyin Filato ne, da Binuwai, da Kudancin Zariya, da Adamawa, kuma gidaje da yawa a can har yau suna tunawa da ɗan da bai komo ba. Likita Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, Kirista ɗan Wusasa wanda shi ma ya bi ta King's College, ya karɓi muƙamin kwamishina a gwamnatin Gowon a 1967. Likitoci biyu ke nan masu kiran sunan Ubangiji ɗaya, kowanne yana bin abin da lamirinsa ya nuna masa, yaƙi ya sa su a gefe biyu. Mai karatu yana da 'yancin ganin cewa Ibiam bai yi daidai ba a hukuncinsa na siyasa. Abin da ke da wuyar musu shi ne cewa mutumin da ya ƙi dukiya a 1935 saboda marasa lafiya, shi ne ya yar da lambar girma bayan shekaru talatin da ɗoriya saboda masu yunwa.

Bayan yaƙi

An ajiye makamai ranar 15 ga Janairu, 1970. Asibitoci da makarantun mishan na Gabas sun lalace, gwamnati kuma ta karɓe makarantu da yawa daga hannun ikkilisiya. Ibiam, wanda ya haura shekara 60, ya koma aikin da ya fi sani: sake gina asibitoci, da ƙarfafa zumuntar likitoci masu bi, da aikin Littafi Mai Tsarki, da hidima a Ƙungiyar Ikkilisiyoyin Afirka. A hankali 'yan Arewa suka komo Inugu da Anacha da Fatakwal, masu shanu da masu albasa, sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan gwamnati, har aka sake jin sujada da Hausa a garuruwan.

A 1983 mutanen Unwana suka naɗa shi sarkinsu, da sarautar Eze Ogo Isiala na Ɗaya. Ya riƙe sarautar yana nan dattijon ikkilisiya kamar dā. A shekarunsa na ƙarshe yana cikin dattawan da suka yi ta neman a ba yankin Abakaliki da Afikpo jiha tasu. Ya rasu ranar 1 ga Yuli, 1995, yana da shekara 88, mutane fiye da 20,000 suka taru a Unwana domin jana'izarsa. An ƙirƙiro Jihar Ebonyi ranar 1 ga Oktoba, 1996, wata goma sha biyar bayan rasuwarsa.